Lasifikar Akihabara da Ladancin Baba

Kun tashi kun iske wani labari yana yawo tsakanin gidajenmu biyu, nawa da na yayana Alhaji Garba, Allah ya ji ƙansa, cewa wai an kai ni ƙasar Japan don in duba kaya sai na ɓige da wasan yara, har abin ya jawo mahaifinmu ya rasa ladancin masallacin unguwa. Na sha jin ku kuna faɗinsa a tsakar gida kuna dariya ƙasa-ƙasa, kuna zaton kunnena ya mutu. Bai mutu ba, ƙafa ce kawai ta gaza. Ban taɓa musa labarin ba Yaya yana da rai, don musa shi tona masa asiri ne. Yanzu da ya riga ni, gara ku ji shi daga bakin wanda ya tsaya a wurin. Kada ku zaci wanke kaina zan yi. Gaskiyar ta fi ƙaryar muni a kaina, shi ya sa ma na daɗe ina fakewa da ƙaryar.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam Ladan, shi ke kiran salla a masallacinmu na Ƙofar Rini tun kafin a haife ni. Akwai matakala ta ƙasa a jikin bangon masallacin, sau biyar a yini yake hawanta. Ba shi da gonar kirki, ba shi da rumfa a kasuwa. Wannan kiran shi ne abin da yake da shi, kuma da shi aka san gidanmu. To a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, soja na mulki, gari ya cika da hayaniya. Babura suka shiga kowane lungu, aka kafa injin niƙa a bayan masallaci, kowane shago da rediyonsa a kunne. Shi kuma Baba ya yi wani ciwon ƙirji da damina wanda ya tafi da rabin muryarsa bai dawo da ita ba. Mutanen ƙarshen layi suka fara zuwa ana raka'a ta biyu, suna cewa ba su ji kira ba. Dattawa suka fara ambaton Malam Ummaru mai goro, mutumin kirki, mai muryar da ake ji daga bakin titi. Ba wanda ya iya duban idon Baba ya faɗa masa, amma ya ji, don irin wannan magana ba ta kwana a waje. Inna ce ta lura kwanon tuwonsa yana dawowa kamar yadda aka kai shi, ta kira mu ta ce in har aka karɓe kiran nan daga hannun tsohon nan, to mu fara neman likkafani.

Yaya a lokacin ya bar sayar da yadi ya koma rediyo da kaset, kuma yana shirin tafiya Japan sarin kaya. Ya je ya sami Liman, ya roƙa a dakatar da maganar har ya dawo, ya ce zai kawo na'urar ƙara murya da lasifika daga wurin masu ƙera su, yadda ko numfashi Baba ya yi sai an ji shi har unguwar Gidan Dare. Liman ya yarda. Ni kuwa an sa ni cikin tafiyar ne saboda sana'ata. Gyaran rediyo na koya wurin Mista Bulus, wani mutumin Filato da ya zo Sakkwato koyarwa, daga baya ya buɗe shagon gyara a Gawon Nama. Shi ya koya mini ɗan Turancin da nake ji, shi kuma ya koya mini cewa kafin ka taɓa gaban na'ura ka fara karanta bayanta. Amma akwai karatun da na riga na yi a gida kafin nasa. A gidanmu in babba yana ciniki, ƙane bango ne, ba ya tari balle ya gyara magana, musamman gaban baƙo. Kuma in namiji ya ce Allah ya sa albarka a kan ciniki, magana ta ƙare, ko da dutse aka naɗe masa a tsumma. Da wannan aka raine mu, kuma har gobe ban ce mugun abu ba ne.

Mu uku muka tafi, da wani abokin kasuwancin Yaya, Alhaji Tanko, Bakano, wanda ya taɓa zuwa sau ɗaya don haka ya ɗauki kansa ɗan gari. Tun daga jirgi yake kwaikwayon maganarmu yana dariya, Yaya yana rama masa da cewa Kanawa ko gaisuwa sai sun nemi ragi. Wasa ne, amma irin wasan da kowa ke riƙe da wuƙarsa a ƙarƙashin riga. Muka yi kwanaki a Tokiyo muna bin ofisoshin masu kaya, muna cin farar shinkafa da dafaffen ƙwai da kilishin da Inna ta ƙulle mana, don ba mu yarda da naman garin ba. Sai ranar jajibirin dawowa aka ware don na'urar Baba, muka shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar da ake kira Akihabara.

Ba zan ɓoye muku ba, da na sauka a tashar nan sai da na tsaya ina ta kalle-kalle. Unguwa ce guda wadda ba a sayar da komai a cikinta sai abin da ke cin wuta. Benaye ne hawa-hawa, jikinsu duk rubutu ja da rawaya tun daga sama har ƙasa, kowace ƙofa tana fitar da nata kiɗan. A wani kanti na ga akwatunan talabijin jere sun cika bango, duk suna nuna abu ɗaya, wani zanen katun na yara masu manyan idanu da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe yana tashi sama, kuma ba yara kaɗai ke kallo ba, har da magidanta masu kwat. A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa kuwa akwai wasu lunguna matsattsu, rumfuna ƙanana kamar na 'yan koli, kowane mai rumfa zaune a tsakiyar kayansa. Duk ƙaramin abin da nake wata guda ina nema a Sakkwato, har in fasa tsohuwar rediyo don in ciro shi, ga shi nan an zuba a faranti kamar gyaɗa. Jirgi na wucewa bisa kanmu, rumfunan na rawa, ba wanda ke ɗaga kai. Mu ake kallo, da manyan rigunanmu, amma kallon na gefen ido ne, in ka waiwaya sai a sunkuya maka.

Muka shiga wani babban kanti. A hawa na ƙasa Yaya ya hango ta, wata na'ura baƙa mai faɗi, maɓallanta na azurfa jere, da allura biyu masu motsi in an yi magana. Mai kantin, wani dattijo siriri mai tabarau, ya kunna ta ya miƙa wa Yaya makirfo. Yaya ya yi gyaran murya, kantin duka ya amsa. Na ga fuskarsa, na san ya riga ya ga Baba tsaye gabanta. Ni kuma na zagaya baya kamar yadda aka koya mini, na karanta ɗan farantin da ke jikinta. Wutar ƙasarsu ƙarfinta ɗari ne, tamu ta haura ɗari biyu. Wannan na'ura an yi ta don wutarsu kaɗai, in aka sa ta a tamu ba za ta kai minti guda ba. Kafin in san yadda zan yi, dattijon ya tambaye ni da guntun Turancinsa ina za mu kai ta. Da na ce Nijeriya, sai ya haɗa hannuwansa biyu ya gicciye su a ƙirji, yana girgiza kai yana nuna sama da yatsa. Yaya ya tambaye ni me yake cewa. Na faɗa masa daidai yadda aka faɗa, ban rage ba, cewa wannan ta 'yan gida ce, ta wutar ƙasarsu, waɗanda aka yi don baƙi suna hawa na sama. Muka hau muka gani. Na saman ƙanana ne, farare, ba allura, ba ado. Alhaji Tanko ya ce ai shi ma wancan zuwan a nan sama ya yi sayayya. Da ya yi shiru da ya fi mana alheri.

Yaya ya sauko yana murmushi irin na wanda ya gano dabarar abokin ciniki. Shekara da shekaru yana sayar da yadi, ya san turmin da ake shimfiɗa wa baƙo a gaban rumfa, ya san wanda ake ɓoyewa a ƙasa don na gida, domin shi ma haka yake yi. Ya dafa baƙar na'urar ya ce:

"Wagga da sunka bar ma kansu ita ad da kyau. Ka taɓa ganin mai yadi ya hiddo ma baƙo turmin da ya aje ma ɗiyatai?"

Dattijon ya ga abin ba na wasa ba ne, ya shiga ciki ya fito rungume da wani ƙaramin akwatin ƙarfe, taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ya ajiye gefenta yana nuna cewa in dai sai wannan, to a haɗa da shi. Wannan ya ƙara tabbatar wa Yaya zarginsa. Ya ce ga shi nan, an ga ba a iya raba shi da ta ƙwarai ba, za a ɗora masa jela. Ya ture akwatin da bayan hannu. Alhaji Tanko ya yi dariya ya ce:

"Alhaji, ku Sakkwatawa akwai taurin kai. Mai kaya ya ce kayansa ba za su yi maka ba, kai ka ce sai su? Ga makanikenka nan, tambaye shi mana."

Yaya ya juyo ya dube ni. Na san wannan kallon tun ina yaro. Ba tambaya ce a cikinsa ba, umarni ne in tsaya bayansa gaban Bakano.

"Sahabi, kai munka ɗauko don wanga aiki. Akwai aibi gare ta?"

Dattijon yana kallona, don ya ga na karanta bayanta, ya san na sani. Kalma ɗaya ake nema, kuma ina da ita.

"Babu, Yaya."

Yaya ya ce Allah ya sa albarka, ya miƙa wa mai kantin hannu. Dattijon ya sunkuya masa, sannan ya sake dubana ta saman tabarau. Ban taɓa jin kunyar wani mahaluki kamar yadda na ji kunyar mutumin nan da ban san sunansa ba.

Ana ɗaure kaya na nemi izini na fita, na koma lungunan ƙarƙashin gada. Akwai rumfa guda da ba ta sayar da komai sai irin akwatin da Yaya ya ture. Na ɗaga ɗaya, nauyinsa kamar dutsen niƙa, ba abin da za a ɓoye cikin jakar tufafi ba ne. Ko da zai ɓoyu, jakar kuɗi da fasfo duk suna hannun Yaya, ni abin da ke aljihuna canjin tikitin jirgi ne. Na mayar na ajiye. Ina tafe ban san inda nake sa ƙafa ba sai na faɗa wani ɗaki mai duhu da hayaƙin taba, cike da tebura masu gilashi, samari sun duƙa a kansu. A cikin gilashin wasu ƙwari ne na haske suke saukowa sahu-sahu, kai kuma kana ƙasa kana harbinsu. Wani saurayi ya tashi, na zauna a wurinsa, na jefa kwandalar da ke hannuna don kada a kore ni. Ban harbi ko ɗaya ba. A nan Yaya da Alhaji Tanko suka iske ni, Yaya ya ce su suna can suna ɗaurin kaya ni ina nan ina halbin ƙwari awa yaro. To kun ji iyakar wasan da na yi a Japan, wanda aka shekara arba'in ana ba ku labarinsa.

Za ku ce me ya hana in faɗa masa daga baya, a masauki ko a jirgi. Na yi niyya ya fi sau goma. Amma Alhaji Tanko yana manne da mu har Kano, kuma duk inda aka zauna Yaya sai ya sake ba da labarin yadda ya kayar da Bajapane a cikin kantinsa. Kowace maimaitawa tana ƙara wa maganata nauyi, don yanzu ba gyara kaɗai zan yi ba, sai na ce na yi masa ƙarya. Sannan akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wato girman kai irin na mai sana'a. Na ce a raina ai ni Sahabi ne, zan naɗa taransifoma da hannuna, in ɓoye shi a bayan akwatin da za a sa na'urar, Baba ya yi kiransa, Yaya ya sha yabonsa, ba wanda zai taɓa sani. Na ga dabarar ta yi kyau har na fara jin daɗin kaina.

Da muka iso gida unguwa ta cika zaurenmu. Baba ya shafa kwalin da tafin hannunsa bai ce a buɗe ba, amma ranar ya cinye tuwonsa. Yaya ya so a kunna nan take, na ce sai an ja waya an ɗaura lasifika, a ba ni mako guda. Ya ce ya ba ni zuwa Alhamis da la'asar, kuma ya aika aka shaida wa Liman da dattawa. Na tafi wurin Mista Bulus na faɗa masa komai. Ya dube ni ya ce shi bayan na'ura ya koya mini karantawa, bai san sai ya koya mini buɗe baki ba. Duk da haka ya ciro mini ƙarfen wani tsohon inji, ya ba ni wayar tagulla, na zauna naɗi. Aiki ne na haƙuri, zagaye bayan zagaye, in ka kuskure sai ka warware. Don kada Yaya ya ga kamar ba na komai, ranar Talata na hau na ɗaura lasifika biyu a kan masallaci, na ja waya, na jera na'urar a ɗan ɗakin da ke gefen matakala, komai ya zauna kamar an gama. Kafin in fita sai na kwance fis ɗinta, wato ɗan gilashin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, na jefa a aljihu. Na ce ko wani ya yi karambani ba za ta kama ba. Na fita ina ganin na toshe kowace kafa.

Ranar Laraba bayan azahar ina shagon Mista Bulus, na gama naɗi muna gwadawa, allura ta tsaya daidai inda ake so. Sai ga wani maƙwabcinmu ya kawo gyaran rediyo, ya gan ni ya yi mamaki, ya ce kai kana nan ana can za a kunna na'urarku? Wai Alhaji Tanko ne ya biyo ta Sakkwato kan hanyarsa ta zuwa Illela, Yaya ya rantse Alhaji Tanko ba zai bar garin ba sai ya ji ta da kunnensa a kiran la'asar. An nemi inda nake ba a samu ba, don ban faɗa wa kowa inda nake zuwa ba. Ban san lokacin da na ɗaure taransifoman a bayan babur ba. Ina tafe ina lallashin kaina cewa fis yana aljihuna, ba abin da zai faru sai dai a ji kunya a jira ni. Sai na tuna sau nawa Yaya ya zauna a shagona yana kallona in fis ya ƙare, ina tsinko silin waya in naɗa a madadinsa. Da na bar fis ɗin a wurinsa, shi zai tsinke ya ceci na'urar. Waya ba ta tsinkewa.

A shataletale na iske soja sun tsayar da hanya, bulala a hannu, wani babba zai wuce. A zamanin nan ba a roƙon soja hanya. Na tsaya cikin rana da sauran jama'a, ina kallon inuwar sandar fitila tana tsawo, ina jin la'asar tana matsowa. Motocin suka wuce, aka sake mu. Na shiga lungunan Ƙofar Rini ina ƙaho kamar mahaukaci. Ina kawowa bakin layinmu na ji wani gurnani ya taso bisa rufin gidaje, na san an kunna. Sai na ji numfashin Baba, numfashinsa kawai, ya cika unguwa. Ya ɗauko kabbara ta farko da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba, mata suka leƙo ta kan katanga, mai niƙa ya kashe injinsa. Bai kai ƙarshenta ba aka ji fas, sannan shiru.

Na iske hayaƙi yana fita daga ɗan ɗakin, mai warin ƙonannen roba. An riƙo Baba an fito da shi, hularsa ta faɗi, yana tari har yana duƙawa. Bai ƙone ba, amma hayaƙin ya shiga ƙirjin nan da ma mai rauni. Wasu a baya suka yi dariya, ba don mugunta ba, irin dariyar da ke kuɓuce wa mutum in ya firgita. Baba ya ji ta. Ya ture hannun da ke riƙe da shi ya nufi matakala, ya taka ta farko, ya taka ta biyu, tari ya sake kama shi ya dafa bango. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Jama'a tsaye, Liman ya sunkuyar da kai. Baba ya sauko da kansa, ya nemi Malam Ummaru da ido cikin mutane ya ce:

"Ummaru, hau ka yi kira. Lokaci na hita."

Malam Ummaru ya yi ta ja da baya yana cewa a'a Malam, sai da Baba ya kama hannunsa ya ɗora shi kan matakalar. A lokacin ne Yaya ya hange ni tsaye riƙe da babur. Fuskarsa ta yi toka, Alhaji Tanko na gefensa yana kallon ƙasa. Ya nuna ni ya ce:

"Ga shi nan. Shi nik kai shi duba min kaya, nis same shi shina wasan yara."

Alhaji Tanko ya san yadda aka yi, bai ce komai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ma na sani, na sake yin shiru. Wannan shirun na biyu ban yi nadamarsa ba, don a ranar abin da ya rage wa Yaya ke nan.

Washegari Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya ga abin da ke ɗaure a bayan babur ɗina, kuma tsohon ba ya buƙatar a karanta masa abu sau biyu. Ya tambaye ni da muryar da sai na matsa kusa nake ji:

"Tun can kas sani?"

Na ce tun can. Ya ce me ya hana ni faɗi. Na ce Yaya ne, kuma gaban baƙo. Ya ja tasbaharsa. Sannan ya ce:

"Ni nik koya maku haka."

Bai ƙara ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ga Yaya ba har ya bar duniya.

Na kwashe na'urar na kai Gawon Nama. Mako biyu muka yi ni da Mista Bulus muna cire abin da ya ƙone muna sa wani, har ta tashi. Na haɗa ta da taransifoman, na gwada ta sau uku ba kowa. Sannan na je na durƙusa gaban Baba na ce an gyara, ya zo ya karɓi kiransa, Liman ya yarda, Malam Ummaru ma shi ya fi kowa so. Inna ta sa baki, Yaya ya aiko. Baba ya ce abin da ya bayar gaban jama'a ba ya komawa ya amshe shi. Na yi magiya har na yi kuka, ni da nake da mata da ɗa a lokacin. Ya ce in tashi in je in kunna wa mutane abinsu, ba don shi aka gina masallacin ba.

Na je na kunna da la'asar. Malam Ummaru ya ɗauki makirfo, ya fara kira, muryar ta tashi ta wuce injin niƙa, ta wuce bakin titi. Ban iya tsayawa a wurin ba, na taho gida tun bai kai rabi ba. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Na same shi tsaye yana fuskantar alƙibla, yatsunsa biyu a kunnuwansa, leɓɓansa suna bin kiran kalma bayan kalma, ba sauti. Na tsaya a bakin ƙofa har aka ƙare. Ya sauke hannuwansa, ya juyo ya gan ni, bai nuna ya ji kunya ba. Ya ɗauki butarsa ya ce:

"Ta yi ƙara da kyau, Sahabi. Allah shi yi ma albarka."

Da mari ya yi mini da tuni na warke.